Shiga jirgin ruwa karo na farko: abin da ya kamata matafiyi daga Tasawa da Mayahi ya sani

Mutumin da ya tashi a Tasawa ko Mayahi ba baƙo ba ne wajen tafiya. Ya san tashar mota, ya san babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta ratsa Tasawa daga Maradi zuwa Damagaram, ya san hanyar Katsina da Kano, wasu ma sun san Agadas da abin da ke bayanta. Abin da bai saba da shi ba shi ne babban ruwa. Ruwan da ya sani shi ne tabkin da ke cika da damina ya janye da rani, sai Gulbin Kaba wanda sunansa gulbi amma goruba ce ta cika shi. Wanda ya ɗan yi nisa ya ga kwale-kwalen masunta a tabkin Madarunfa. Teku kuwa, kafin a kai bakinsa a Legas ko Kwatano sai an yi tafiyar mota da ta haura kilomita 1,000.

Duk da haka ƴan yankin suna samun kansu a jirgin ruwa: ɗan kasuwa a Dakar ko Libreville, ɗalibi a Masar, mai Umra a Jidda, ma'aikacin da aka tura taro ya samu kwana biyu na hutu. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar jirgin ruwa tamkar babbar mota. A tasha mota ce ke jiran fasinja har ta cika, ana ciniki, ana roƙon direba ya ƙara kaya, in ta lalace a hanya a sauka a zauna gindin itace. A teku babu gefen hanya. Kusan duk abin da zai sa tafiyar ta yi daɗi ko ta ɓaci ana yanke shi ne tun ƙafar mutum tana bisa ƙasa.

Jirgin ruwa iri-iri ne

Akwai jirgin shaƙatawa, tafiyar da ake kira croisière da Faransanci. Shi wannan otal ne mai tafiya: fasinja na kwana a ciki, yana ci a ciki, jirgin na tafiya da dare ya tsaya a wani gari da safe, a fita yawon buɗe ido a dawo kafin maraice. Sau da yawa yakan komo tashar da ya tashi. Mafi girman irinsu sun kai gari guda. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami ta Amurka a watan Janairun 2024, tsawonsa kimanin mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000.

Akwai jirgin fito, wanda aikinsa ɗaukar mutane da kaya, wani lokaci har da motoci, daga wata tasha zuwa wata. In tafiyar ta kwana ce yakan kasance da ɗakuna da wurin cin abinci. Sai jiragen kogi, daga manya masu bene har zuwa kwale-kwale mai inji da ake gani a Yamai da Gaya.

Akwai kuma abin da bai cancanci a kira shi jirgin fasinja ba, wato kwale-kwalen roba ko na katako da masu safarar mutane ke cusa jama'a a ciki daga gaɓar Libiya ko Tunisiya zuwa Turai. Ba shi da rajista, ba shi da kaftin na gaskiya, ba shi da kayan ceto, kuma dubban ƴan Afirka sun halaka a Bahar Rum ta wannan hanya. Bayanin da ke tafe bai shafe shi ba.

Inda ake samun irin wannan tafiya

Tsallaka teku ba sabon abu ba ne ga mutanen ƙasar Hausa. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazai kan bi ta Barno, Wadai da Darfur a ƙafa ko bisa dabbobi, suna aiki a hanya shekara da shekaru, har su kai Sawakin a gaɓar Sudan, su shiga jirgi su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Nisan ruwan kilomita 300 ne da ɗoriya, tafiyar dare guda a jirgin zamani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa hanyar ƙasa zuwa can ta zama mai haɗari ƙwarai.

A Afirka ta Yamma, Senegal ce ta fi sauƙi ga ɗan Nijar, ganin cewa kuɗin sefa ɗaya ake kashewa kuma ana jin Faransanci. Jirgin Aline Sitoé Diatta na kamfanin COSAMA, wanda ya fara aiki a 2008, yana haɗa Dakar da Ziguinchor a yankin Casamance. Daga Dakar yakan tashi da dare ya isa washegari, kuma yana da kujeru da ɗakuna masu gado biyu, huɗu ko takwas. A arewacin ƙasar akwai Bou el Mogdad, tsohon jirgin da aka ƙera a Holan a 1950, wanda a da yake ɗaukar wasiƙu, kaya da fasinja a kogin Senegal. Yanzu yawon shaƙatawa yake yi na kusan mako guda tsakanin Saint-Louis da Podor, a watannin da babu damina.

A Masar ana yin irin wannan yawo a kogin Nilu tsakanin Luxor da Aswan, kwana uku ko huɗu, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo don ganin gine-ginen zamanin Fir'auna. A Saudiyya jiragen shaƙatawa sun fara tashi daga Jidda a shekarun nan, kuma a watan Disambar 2024 kamfanin ƙasar mai suna Aroya ya fara nasa zagayen a Bahar Maliya. A Turai manyan tashoshin su ne Marseille, Barcelona, Genoa da Civitavecchia kusa da Roma.

A Mali, jiragen kamfanin COMANAV sun daɗe suna bin kogin Kwara daga Koulikoro zuwa Mopti, Tumbutu da Gao, tafiyar kusan kilomita 1,300, a watannin cikar ruwa daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara. Amma ranar 7 ga Satumbar 2023 an kai wa jirgin Tombouctou hari tsakanin Tumbutu da Gao, gomman fararen hula suka mutu. Wannan hanya ba ta shaƙatawa ba ce a halin rashin tsaro.

Takardu: fasfo, biza da katin rigakafi

Ba a sayen tikitin jirgin ruwa na ƙwarai sai da takardar shaida, kuma sunan da ke bisa tikiti dole ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Wannan ya shafi ƴan Nijar sosai, domin suna ɗaya ana rubuta shi iri-iri: Mahamadou, Mamadou, Mohamed, ko Issoufou da Youssouf. A kwafi abin da ke cikin fasfo, ba abin da ake kiran mutum da shi a gida ba. Yawancin kamfanoni suna buƙatar fasfon ya kasance da sauran wata shida bayan ranar ƙarewar tafiya.

Batun biza shi ne ya fi kayar da mutane. Jirgin shaƙatawa kan tsaya a ƙasashe da dama, kuma sau da yawa kamfani ba zai bar fasinja ya hau ba sai yana da izinin shiga kowace ƙasa da ke cikin jerin, ko da ya ce ba zai sauka a can ba. Wanda aka hana hawa saboda rashin biza galibi ba a mayar masa da kuɗinsa. Sannan a duba ko bizar ta shiga sau ɗaya ce ko sau da yawa. Mai bizar shiga Saudiyya sau ɗaya, in jirginsa ya je Masar ko Jodan, ya fita daga ƙasar ke nan, kuma dawowa Jidda sabuwar shiga ce. Haka abin yake ga bizar Schengen in jirgin zai leƙa Tunisiya, Maroko ko Turkiyya ya komo Turai. Wasu ƙasashen ba su da ofishin jakadanci a Yamai, don haka neman biza kan ɗauki makonni.

Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce ƙasashenta za su ci gaba da karɓar takardun ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso har sai an ba da wata sanarwa. Tun da irin wannan ƙa'ida tana iya canzawa, mai niyyar zuwa Senegal ko wata ƙasar gaɓar teku ya tambayi ofishin jakadancinta kafin ya biya kuɗin komai.

Sai katin rigakafi mai launin rawaya. Allurar cutar shawara tana fara aiki a hukumance kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa aikin Hajji ko Umra ana neman shaidar allurar sanƙarau a wajensa. Yana da kyau a ɗauki hoton duk takardun a waya, a kuma bar kwafi a gida.

Kuɗi: abin da tikiti ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba

Farashin da ake gani a talla na mutum ɗaya ne in mutum biyu za su raba ɗaki. Wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya ƙari mai yawa, wani lokaci kusan ninki biyu. A jirgin shaƙatawa tikiti yakan ƙunshi ɗaki, abinci a manyan wuraren cin abinci, ruwan sha na famfo, da wasannin da ake nunawa da dare. Abin da bai cika ƙunsa ba shi ne lemun kwalba da ruwan gora, intanet, wanki, ganin likita, da yawon da kamfani ke shiryawa a garuruwan da aka tsaya. Kamfanoni da yawa suna kuma ɗora kuɗin hidimar ma'aikata a kan kowane fasinja kowace rana, a haɗa a lissafin ƙarshe. A ƙara da kuɗin mota daga Tasawa ko Mayahi zuwa Yamai ko Kano, kuɗin jirgin sama, biza, inshora da otal na kwana ɗaya.

A cikin manyan jiragen ba a karɓar tsabar kuɗi a hannu. Ranar hawa ana ba kowa kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin biyan kuɗi. Ana haɗa shi da katin banki, ko a ajiye wani adadi na yuro ko dalar Amurka a ofishin jirgi. Da yake ba a ganin kuɗi na fita daga aljihu, mutum kan kashe fiye da niyyarsa. Lissafin mai sauƙi ne: yuro ɗaya sefa 656 ne, wato abin yuro 15 ya kusa jika goma. Ana iya neman takardar lissafi kowace rana, kuma ya fi kyau a yi hakan da a tarar da bashi ranar sauka.

Waya ma tana da tarko. In jirgi ya yi nisa da gaɓa, layin yakan koma kan na'urar jirgin da ke aiki da tauraron ɗan'adam, kuma kuɗin kira da na intanet a nan yana da tsada ƙwarai. A kashe layin, a jira har an iso gari.

Game da masu shirya tafiya, araha ba ta ado. Kafin a ba da kafin alƙalami a nemi sunan jirgi, ranar tashi, lambar ɗaki da lambar rajistar tafiyar, sannan a duba lambar a shafin intanet na kamfanin jirgin kansa. A karɓi rasiɗi, a kuma karanta sharaɗin fasa tafiya, domin kuɗin da ake mayarwa yana raguwa yayin da ranar tashi ke matsowa.

Ɗaki da kaya

Ɗakunan jirgi hawa-hawa ne: na ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai taga wadda ba a buɗewa, sai mai baranda, sai manyan ɗakuna. Ga sabon shiga, inda ɗakin yake ya fi girmansa muhimmanci. Gaba da bayan jirgi da benaye na sama su suka fi rangaji in teku ya motsa, tsakiyar jirgi a bene na ƙasa ya fi natsuwa.

Ana karɓar manyan akwatuna a tasha, a kai su ƙofar ɗaki bayan wasu awoyi. Saboda haka fasfo, kuɗi, magani, cajar waya da tufafin canji ɗaya su kasance a ƙaramar jakar hannu. Iskar teku tana da sanyi da dare ko a ƙasashe masu zafi, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, don haka rigar sanyi tana da amfani. Takalmi mai santsi ba ya dacewa da jiƙaƙƙen bene, kuma mai babbar riga ko dogon mayafi ya kula da iska da matakala.

Babban abin tsoro a jirgi wuta ce. Shi ya sa ake hana dutsen guga, risho, butar lantarki, kyandir, da duk abin da ke ci da wuta. Turaren wuta da gawayin dafa shayi suna cikin wannan jerin, komai ƙanƙantarsu. Taba sai a wurin da aka keɓe. Jirgin Al-Salam Boccaccio 98, wanda ya nutse a Bahar Maliya a farkon watan Fabrairun 2006 tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, gobara ce ta fara tashi a cikinsa, kuma mutum sama da 1,000 suka rasu. Guzurin kilishi ko dambun nama kuwa, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, ana ƙwacewa tun a filin jirgin sama.

Lokaci: jirgi ba ya jira

Ana rufe ƙofar hawa awa ɗaya ko biyu kafin tashi, wanda ya makara ya rasa tafiyar da kuɗinsa. Mai tasowa daga jihar Maradi yana da doguwar hanya a gabansa: kwana guda a mota zuwa Yamai, sannan jirgin sama da sau da yawa sai an canza a wani gari. Jinkiri ɗaya ya isa ya rushe komai. Hikima ita ce a isa garin da jirgin ruwa zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar.

A kowane zango ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofar fita. Lokacin jirgi ake bi, wanda wani lokaci ya bambanta da agogon garin, alhali wayar hannu tana canza lokaci da kanta. In fasinja ya bi yawon da kamfanin jirgi ya shirya aka makara, jirgi yakan jira ko kamfani ya ɗauki nauyin isar da shi. In shi kaɗai ya fita ya shagala a kasuwa, jirgi zai tafi, kuma kuɗin bin sa zuwa zango na gaba daga aljihunsa zai fito. Duk mai sauka ya riƙe katinsa, takardar shaida, da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha.

Tsaron rai

Dokokin kare rayuka a teku sun samo asali ne daga nutsewar Titanic ranar 15 ga Afrilun 1912, inda mutum kimanin 1,500 suka mutu, kuma ƙananan jiragen ceton da ke ciki ba su isa kowa ba. Daga nan aka ƙulla yarjejeniyar SOLAS a 1914, wadda ake aiki da sabunta ta 1974 har yau. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, wanda ya ci mutum 32, an gano cewa ɗaruruwan fasinjan da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu abin da za su yi in haɗari ya auku ba. Tun 2015 doka ta wajabta yin wannan atisaye kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Atisayen wajibi ne ga kowa, babba da yaro. A nan ake nuna wurin taruwa, wanda lambarsa ke rubuce a katin fasinja da bayan ƙofar ɗaki, da yadda ake ɗaura rigar ceto. Alamar haɗari ita ce busa gajeriya sau bakwai sannan doguwa sau ɗaya. In an ji ta, a sa tufafi masu ɗumi, a ɗauki magani, a bi matakala ba na'urar hawa bene ba, a nufi wurin taruwa. Wanda ba ya jin harshen da ake sanarwa da shi ya faɗa wa ma'aikata tun ranar farko. Rashin iya iyo ba abin kunya ba ne: rigar ceto in an ɗaure ta tamau tana riƙe kan mutum a saman ruwa. Ba a hawa ko zama bisa shingen bene don ɗaukar hoto, kuma ba a barin yara su kaɗai a baranda.

Darasi mafi ɗaci a Afirka ta Yamma shi ne na jirgin Joola. Ranar 26 ga Satumbar 2002 ya kife a gaɓar Gambiya yana tafe daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, amma ya ɗauki kusan 2,000. Alƙaluman gwamnatin Senegal sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 kaɗai suka tsira, kuma da yawa daga cikin mamatan ba su da tikiti, sunansu ba ya cikin rajista. A watan Maris na 2023 ma jirgin Esther Miracle ya nutse tsakanin Libreville da Port-Gentil a Gabon, hanyar da baƙi ƴan Afirka ta Yamma ke bi. Abin da fasinja zai iya dubawa da idonsa kafin ya hau shi ne: an rubuta sunansa a rajista, yana da kujera ko gado mai lamba, ana ganin rigunan ceto da ƙananan jiragen ceto, kuma ba a ci gaba da loda mutane bayan wuri ya cika. Wanda ya ce a ba shi wani abu ya shigar da mutum ta bayan fage ba taimako yake yi ba. In alamun ba su yi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lafiyar jiki

Jiri da tashin zuciya a jirgi ba rauni ba ne, ba kuma aikin iskokai ba ne. Cikin kunne yana jin motsi, ido kuma yana ganin bangon ɗaki a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Maganin farko shi ne a fito fili a sha iska, a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a bar karatu da kallon waya. A ci abinci kaɗan marar maiƙo, kada a zauna da yunwa. Citta tana taimaka wa wasu. Akwai ƙwayoyi a farmasi, irin su Nautamine da Mercalm, da ake sha kamar rabin awa kafin tashi, amma suna sa barci, kuma mai ciki, mai shayarwa da mai wata cuta ya tambayi likita tukuna. Yawancin mutane jikinsu kan saba cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wurin da dubban mutane ke ci tare cuta tana saurin yaɗuwa. Wadda ta fi yawa ita ce ta amai da gudawa, kuma rigakafinta wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayi. A watan Fabrairun 2020 an killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum kimanin 3,700 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona. Wanda ya ji alamar rashin lafiya ya sanar da likitan jirgi, kada ya ɓoye.

Manyan jirage suna da ɗan asibiti, amma na kuɗi ne kuma da tsada, sannan in ciwo ya yi tsanani sai an sauke mutum a ƙasar da ba tasa ba. Nan inshorar tafiya take da amfani, a tabbatar ta ƙunshi jinya da mayar da mutum gida. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da rarar kwanaki, cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Yawancin kamfanonin shaƙatawa ba sa ɗaukar mace da cikinta ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

Salla da abinci

Malamai sun daɗe da yin bayanin sallar jirgin ruwa. Ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya mai salla ya juya in da hali, ana tsayuwa in za a iya, in rangaji ya yi yawa a zauna. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Lokutan salla suna canzawa da wurin da jirgi yake, kuma ofishin karɓar baƙi zai iya faɗin inda jirgin ya dosa. Game da ƙasaru da azumin matafiyi, ya fi kyau a tambayi malami kafin a bar gida.

A jiragen Senegal, Masar da Saudiyya batun abinci da sauƙi. A na Turai da Amurka ana dafa naman alade, ana sayar da giya, wasu suna da gidan caca. Wasu kamfanoni suna tanadar naman halal in an nema makonni kafin tafiya. In babu, akwai kifi, ƙwai, shinkafa da kayan lambu, kuma ba laifi a tambayi mai hidima ko an sa giya a miya.

In kogi ne a cikin gida

Ga mutane da yawa shiga ruwa ta farko ba a teku za ta kasance ba, a kogin Kwara ne, wanda ya ratsa Nijar tsawon kimanin kilomita 550. A Yamai ana hayar kwale-kwale a zaga da maraice ko a haura zuwa Boubon. A Gaya kuwa, tun da aka rufe gadar Malanville a 2023 jama'a da yawa suka koma tsallakawa Benin ta ruwa. A Yamai kogin yana cika sau biyu: jan ruwan damina a Agusta da Satumba, sai ruwan da ke gangarowa daga Gini wanda ke kaiwa ƙololuwa wajen Janairu. Akwai dorina a wasu wurare, kuma tana kifar da kwale-kwale.

Hatsarin kogi kusan kullum dalilansa ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, hadari, da rashin rigar ceto. Haka ya faru a Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, haka ya faru a Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutum sama da 100 da ke dawowa daga biki suka rasu. A dubi bakin kwale-kwale: in ya kusa shafar ruwa, lodin ya wuce. A zauna inda matuƙi ya nuna, kada a miƙe tsaye, kada kowa ya karkata gefe ɗaya, kuma in hadari ya haɗo a jira ya wuce.

Kafin a bar gida

Abu na ƙarshe shi ne sallama da iyali yadda ya kamata. A bar musu sunan jirgi da na kamfani, ranar tashi da ta sauka, jerin garuruwan da za a tsaya, da lambar wayar kamfanin. A gaya musu cewa za a iya yin kwana ɗaya ko biyu waya ba ta shiga, don kada hankalinsu ya tashi a Tasawa ko Mayahi alhali matafiyin yana can lafiya a tsakiyar ruwa.